Malam Ɗanliti Burumburum, Makiyayin Ƙudajen Bincike

Haihuwa da Asali

An haifi Malam Inuwa Hamman Burumburum, wanda jama'a suka fi sani da Ɗanliti, a watan Rabi'ul Awwal na shekarar Hijira ta 1370, wanda ya yi daidai da Disamba ta 1950, a wata ruga da ke gabas da garin Burumburum cikin ƙasar Tudun Wada. Ba a rubuta kwanan watan ba, amma dattawan gidan sun tabbatar ranar Litinin ce, kuma daga nan laƙabinsa ya samo asali. Mahaifinsa shi ne Malam Hamman Ubale, makiyayi kuma manomi, mahaifiyarsa kuwa Hajara, wadda duk rugar ke kira Inna. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai.

Malam Hamman ya shahara a yankin da sanin nasabar shanu, domin yana iya lissafa uwa da kaka da kakar kaka ta kowace saniya a garkensa, kuma tun kafin a haifi maraƙi yakan faɗi launin da ake sa ran zai ɗauko. A wurinsa Ɗanliti ya fara fahimtar cewa hali da kama suna bin jini, kuma wani hali yakan ɓuya a uwa ya fito a jika.

Karatu

Ya fara karatun allo yana da shekara biyar, ya sauke Alƙur'ani yana da goma sha uku. A shekarar 1959 mahaifinsa ya kai shi makarantar firamare ta Tudun Wada da kansa, saboda ya gaji da tafiya mai nisa neman wanda zai karanta masa rubutun da ke jikin kwalbar maganin dabbobi. Lokacin da ma'aikatan dabbobi suka zagayo yin allurar riga-kafin cutar bushiya mai kashe shanu a farkon shekarun sittin, Ɗanliti ne ya riƙa yi musu tafinta tsakanin Fulatanci da Hausa da ɗan Turancin da ya koya.

Ya shiga makarantar sakandare a Kano a 1966, ya kammala a 1970 da sakamako mai kyau a ilimin halittu. Bai samu damar wucewa jami'a ba, domin mahaifinsa ya rasu a wannan shekara, ɗawainiyar ƙannensa uku ta dawo kansa. A 1971 aka ɗauke shi mataimakin ɗakin gwaje-gwaje a wata cibiyar nazarin halittu da ke kan hanyar Zariya, inda aikinsa na farko shi ne wankin kwalabe da ciyar da ɓerayen gwaji. Cibiyar ta tura shi kwas daga 1974 zuwa 1976, ya dawo da takardar shaidar ƙwarewa, kuma ita ce babbar takardar da ya mallaka har ƙarshen rayuwarsa.

Aure da Iyali

A shekarar 1976 ya auri Luba, 'yar Malam Bala na garin Kiru, manomin dawa da tumatir. Mahaifiyar Luba, Balaraba, maginiyar tukwane ce wadda randunanta suka yi suna a kasuwannin Kiru da Kwanar Dangora saboda sanyin ruwa. Da yake gidajen ma'aikata na cibiyar ba su wadata ba, Luba ta zauna a Kiru kusa da iyayenta, shi kuwa yakan dawo kowace Juma'a da yamma, ya sauka a Kwanar Dangora ya hau motar kasuwa zuwa gida. Allah Ya ba su 'yarsu ta fari, Turai, a 1978, sauran suka biyo baya.

Lalurar Turai

Da daminar 1984 Turai ta yi wani zazzaɓi mai tsanani wanda ya sa ta kwana biyu ba ta san inda take ba. Ta warke, amma a watan Mayu na 1985, ana tsakiyar taron safe a makarantarsu, ta yanke jiki ta faɗi tana kakkarwa, kumfa na fita daga bakinta. Yara suka watse, malamai suka tsaya daga nesa, saboda yaɗuwar zancen cewa wanda yawun mai farfaɗiya ya taɓa zai ɗauka. Tana kwance a rana har sai da aka aika gida Luba ta zo ta goya ta. Bayan mako guda shugaban makarantar ya zo gida ya roƙi a bar ta ta zauna, domin iyaye da dama sun ce za su janye 'ya'yansu.

Dangi suka kawo turare da rubutu, wasu suka ce iska ce ta shafe ta. Malam Ɗanliti bai hana addu'a ba, shi kansa ya riƙa yi mata tofi safe da yamma, amma ya ɗauke ta zuwa wurin likita a Kano, inda aka ɗora ta a kan wata ƙaramar ƙwaya da za ta riƙa sha kullum ba fashi. Faɗuwar ta ragu daga sau uku a wata zuwa sau ɗaya ko biyu a shekara. Duk da haka makarantar ba ta karɓe ta ba. Shekara biyu ta yi a gida mahaifinta yana koya mata karatu da lissafi ranakun Asabar da Lahadi, har a 1987 aka samu wata makaranta a Bebeji da ta yarda, ta koma can wurin gwaggonta.

Haɗuwarsa da Ƙudan Bincike

A shekarar 1986 wata baturiya masaniyar ƙwaƙwalwa, Dokta Miriyam, ta zo cibiyar daga Birtaniya domin koyarwa na shekara guda. Ta zo da 'yan kwalabe da aka toshe bakinsu da auduga, cikinsu akwai ƙananan ƙudajen nan masu jan ido da ke taruwa a kan ruɓaɓɓen mangwaro. Masana sun daɗe suna nazarin gado da wannan ƙuda, saboda cikin kwana goma sha biyu yake kammala girma daga ƙwai ya soma haihuwa, abin da makiyayi zai jira shekara huɗu kafin ya gani a saniya. Aka ɗora wa Malam Ɗanliti kula da su. Ya koyi sa su barci da magani, da rarrabe mace da namiji a ƙarƙashin madubin ƙara girma da gashin tsuntsu, da tsince matan da namiji bai kusance su ba safe da yamma domin a haɗa su da mijin da aka zaɓa.

Cikin kwalaben akwai wata zuriya mai lalura. Idan aka buga kwalbarsu a kan tebur, ƙudajen sukan faɗi rigingine, ƙafafunsu da fukafukansu na kakkarwa, su sandare, bayan minti ɗaya ko biyu su miƙe kamar ba abin da ya faru. Dokta Miriyam ta rubuta daga baya cewa ranar da ta fara nuna masa wannan, ya kalli kwalbar sannan ya juyo ya tambaye ta.

“Dokta, a ina ciwon yake a jikinsu?” in ji shi.

“Mun san gado ne, amma ba mu san wurin da yake aiki ba,” in ji ta. “Ko a jijiya, ko a tsoka, ko a wani wurin dabam.”

“Ina da 'ya a gida, haka take faɗuwa. Ina so in san amsar nan.”

Ba ta manta da maganar ba. Bayan shekara uku, da ta samu gurbin ma'aikaci a ɗakin bincikenta, shi ta rubuto wa.

Shekaru Shida a Birtaniya

Malam Ɗanliti ya shawarci mahaifiyarsa da surukansa da matarsa. Luba, wadda a lokacin take da goyo, ita ce ta yanke maganar, ta ce ya tafi, ita za ta riƙe gida da maganin Turai. Ya bar Nijeriya a watan Satumba na 1989, kuma cikin shekara shida sau biyu kacal ya samu zuwa ganin gida, a 1991 da 1993.

Wajibi ne a nan a bayyana aikin da ya yi, domin shi ne dalilin rubuta wannan tarihi. Jikin kowane mai rai an gina shi ne da ƙwayoyin halitta, 'yan mitsi-mitsi waɗanda ido ba ya gani, kuma iri-iri ne: akwai na tsoka, akwai na fata, akwai na jijiya masu kai saƙo a ƙwaƙwalwa, akwai kuma waɗanda ke kewaye da jijiyoyin suna ciyar da su. Kowace ƙwaya tana ɗauke da cikakken umarnin gado da aka samo daga uwa da uba, sai dai kowane iri yana aiki ne da nasa rabon kawai, sauran yana rufe. Idan umarni ɗaya ya lalace, kamar yadda ya faru ga ƙudajen nan masu faɗuwa, lalacewar tana cikin dukkan jiki, don haka da wuya a gane irin ƙwayar da ke jawo ciwon. Abin da masana suke nema shi ne hanyar buɗe lafiyayyen umarni a cikin iri ɗaya tak, a bar sauran yadda suke, a ga ko ciwon zai tafi.

A shekarar 1993 wata sabuwar dabara ta bazu a ɗakunan binciken ƙuda, wadda ake yi da zuriya biyu. Zuriya ta farko tana ɗauke da mabuɗi, wani sinadari da aka aro daga yistin da ke kumbura burodi, wanda ba ya samuwa sai a iri ɗaya na ƙwayoyin jikinta. Zuriya ta biyu tana ɗauke da umarnin da ake son gwadawa, amma a kulle, a dukkan jikinta. Kowace ita kaɗai ba ta nuna komai. Idan aka haɗa su aure, ɗan da aka haifa yakan gaji mabuɗi daga ɓangare ɗaya da kullallen umarni daga ɗaya ɓangaren, sai umarnin ya buɗe a wurin da mabuɗin yake, ba ya wuce nan.

Zuriyoyi masu mabuɗi suna da yawa, kuma wahalar ita ce sanin inda mabuɗin kowace zuriya ya faɗa, domin ba zaɓa ake yi ba. Wannan aiki ne aka damƙa wa Malam Ɗanliti. Yakan haɗa kowace zuriya da wata wadda kullallen umarninta na yin launi ne, ya fiddo ƙwaƙwalwar 'ya'yan, wadda ba ta kai rabin ƙwayar gero ba, ya jiƙa ta a magani, sai ƙwayoyin da mabuɗi ke cikinsu su yi shuɗi. Cikin wata goma sha huɗu ya duba zuriya fiye da ɗari huɗu, ya zana kowace da fensir a littattafai shida. Tara ne kawai suka yi amfani. Maimakon lambobin da aka saba, ya raɗa musu sunayen shanun mahaifinsa, kuma wadda ta fi muhimmanci a cikinsu ya kira ta Raneye, wato farar saniya da Fulatanci.

A ƙarshen 1994 aka yi gwajin da ya jira shekara takwas. Da aka buɗe lafiyayyen umarni a tsokar ƙudajen nan masu lalura, suka ci gaba da faɗuwa. Da aka buɗe shi a ƙwayoyin da ke ciyar da jijiya, nan ma ba su daina ba. Da aka haɗa su da Raneye, wadda mabuɗinta ke cikin wani rukuni na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, aka buga kwalba, 'ya'yan suka faɗo ƙasa suka koma hawan bango nan take. Ya maimaita gwajin sau goma sha ɗaya kafin ya yarda ya gaya wa Dokta Miriyam. An buga sakamakon a 1995, sunansa na uku cikin marubuta huɗu. Ya kasance yana jaddada wa duk wanda ya tambaye shi cewa wannan ba magani ba ne, kuma ƙuda ba mutum ba ne, abin da aka samu kawai shi ne sanin ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Dawowa Gida da Bazarar 1996

An yi masa tayin zama na dindindin tare da kawo iyalinsa, ya yi godiya ya ce zai koma. Ya sauka a Kano a watan Satumba na 1995 ɗauke da zuriya talatin cikin kwalabe, da takardun izini, da madubi guda da Dokta Miriyam ta ba shi kyauta. Cibiyarsa ta ware masa ƙaramin ɗaki da akwatin lantarki mai daidaita sanyi, ɗalibai shida suka soma koyon aikin a hannunsa.

A watan Maris na 1996 taransufomar cibiyar ta ƙone, kuma kafin a gyara aka shiga dogon yajin aiki, aka rufe ko'ina. Wannan ƙuda ba ya jure zafi: idan ma'auni ya haura digiri talatin na kwanaki, mazan sukan daina haihuwa, zuriya ta ƙare. Cikin mako uku zuriya goma sha ɗaya suka mutu. Ya dawo Kiru ranar wata Juma'a ya shaida wa Luba cewa aikin shekara shida yana ƙarewa a gabansa kuma ba shi da dabara. Ta tambaye shi irin sanyin da suke bukata, ya ce kamar na ruwan randa. Ta ce to ai ba a rasa randa a gidan mahaifiyarta ba, ya koma ya kwaso su.

Aka share wani ɗakin ƙasa mai kaurin bango a gidan surukarsa, aka zuba yashi, aka binne manyan randuna huɗu har wuya. A cikin kowace aka jera kwalaben, aka rufe da jiƙaƙƙen buhu, aka zagaye yashin da toka saboda tururuwa. Luba ce take jiƙa yashin sau uku a yini da ruwan rijiya, kuma ma'aunin zafi bai taɓa wuce ashirin da shida ba. Da abincin ƙudan da aka zo da shi ya ƙare, ta dafa garin masara da ayaba da sukari ya yi kauri, aka samo yisti a wurin wani mai gidan burodi a Kwanar Dangora. Turai, wadda ta kammala sakandare a wannan shekara, ta koyi rarrabe mace da namiji, ta karɓi aikin safe. Ba a taɓa sakin ƙuda ko ɗaya ba, duk wanda aka gama da shi a kwalbar kananzir ake jefa shi. Wata biyar aka yi a haka, zuriya goma sha tara suka rayu, har da Raneye da masu faɗuwa.

Zuwan Alhaji Mudi

A cikin waɗannan watanni ne maganar auren Turai ta taso. Wani malamin gona ɗan Doguwa mai suna Ɗantani, wanda ke aiki a Kiru, ya nemi aurenta, ita ma ta amince, kuma ta gaya masa lalurarta tun farko. Amma da labarin ya kai kunnen baffansa kuma waliyyinsa, Alhaji Mudi, sai ya dakatar da kawo gaisuwar iyaye, ya aiko cewa zai zo da kansa. Kowa ya fahimci janyewa zai zo yi cikin mutunci. Da safen ranar, Turai ta sami mahaifinta a ɗakin randuna.

“Baba, kada ka rage musu komai,” in ji ta. “In za su fasa, su fasa suna sane.”

Alhaji Mudi ya iso da hantsi tare da limamin unguwarsu. Bayan an gaisa an sha fura, Malam Ɗanliti ya riga shi buɗe zancen, ya faɗi shekarar da ciwon ya soma, da maganin da take sha, da cewa rabonta da faɗuwa shekara huɗu.

“Malam, wallahi ba raini ba ne,” in ji Alhaji Mudi. “Gidanmu gidan yawa ne, ga yara. Ana cewa ana ɗauka, wasu kuma sun ce iska ce, tana bin mutum duk inda ya je.”

“Alhaji, in ba za ka damu ba, akwai abin da nake so ku gani kai da Liman kafin ku tafi.”

Ya fito da kwalba uku ya ajiye a kan tabarma. Ya buga ta farko, ƙudajen suka faɗi suna kakkarwa, can suka miƙe. Ya nuna ta biyu, ya ce lafiyayyu ne masu jan ido da marasa lafiya masu farin ido a haɗe, abincinsu ɗaya tun haihuwa, ya buga, masu farin ido suka faɗi, sauran ko gezau. Ya buga ta uku, ba wanda ya faɗi, ya ce waɗannan 'ya'yan masu faɗuwa ne da aka gyara musu wuri ɗaya a ƙwaƙwalwa. Liman ya karɓi kwalba ta biyu ya buga da hannunsa har sau biyu, sannan ya ce shi dai bai ga alamar ɗauka a nan ba, kuma Allah bai saukar da cuta ba sai da sababinta.

Alhaji Mudi bai gamsu nan take ba. “Ka ce waɗannan a wurin iyayensu suka samo,” in ji shi. “To 'ya'yan da za ta haifa mana fa?”

“Ka yi tambaya mai kyau, Alhaji. Wata farfaɗiyar ana gadonta, wata ba a gado. Tata ta biyo bayan zazzaɓin da ya taɓa mata ƙwaƙwalwa, kuma likita yana ganin ba ta gado ba ce. Amma ba zan rantse maka a kan abin da Allah kaɗai Ya sani ba.”

Baƙin suka yi sallama ba tare da sun ce an fasa ko ba a fasa ba. Mako uku ba a ji komai daga Doguwa ba, gidan ya ɗauka magana ta mutu. A mako na huɗu Alhaji Mudi ya dawo da goro da 'yan rakiya, da kuma wata mace lulluɓe da mayafi da tabon ƙuna a hannunta. Bayan an karɓi gaisuwa ya ja Malam Ɗanliti gefe.

“Wannan Saude ce, 'yar ƙanena,” in ji shi. “Irin ciwon 'yarka gare ta. Shekara tara ke nan ba ta fita ƙofar gida ba, kwanonta dabam, tabarmarta dabam. Ni na sa aka yi haka. Ka kai ta wurin likitan naku.”

Washegari Malam Ɗanliti da Luba suka raka ta Kano. An ɗaura auren Turai da Ɗantani a watan Fabrairu na 1997, kuma Saude tana cikin matan da suka raka amarya.

Shekarun Ƙarshe

An buɗe cibiyar a watan Satumba na 1996, ƙudaje suka koma ɗakinsu, amma Malam Ɗanliti ya sa aka ajiye randuna biyu a lungun ɗakin ko da lantarki zai sake yankewa. Daga cikin ɗalibansa shida, uku sun wuce karatu mai zurfi a fannin ƙwaƙwalwa. A 1998 wani ƙaramin ƙwaro mai cin ƙwan ƙuda ya ɓata wasu zuriyoyi a ɗakin binciken Dokta Miriyam, har da Raneye, sai daga Nijeriya aka mayar mata da iri. A wasiƙar godiyar da ta aiko ta ambaci sunan Luba da na Balaraba, kuma da aka fassara wa tsohuwar, ta sa aka maimaita mata wurin sunanta.

Labarin Saude ya sa mutane suka soma kawo masu irin wannan lalura ƙofar gidansa. Ganin yawansu, ya roƙi wani likita daga Kano ya riƙa zuwa Asabar ɗin farko ta kowane wata, ana zagayawa tsakanin Kiru da Tudun Wada da Doguwa. Ba kowa ne ya yarda ba, kuma akwai waɗanda suka soma shan magani suka bari, ciwon ya dawo musu. Duk da haka, zuwa ƙarshen 1998 mutum sittin da uku ne ke karɓar magani a kai a kai, yara goma sha huɗu a cikinsu sun koma makaranta.

A farkon 1999 aka gano yana da ciwon hanta wanda ya riga ya yi nisa. Ya yi amfani da watannin da suka rage wajen miƙa zuriyoyin da littattafan zanensa shida ga babban ɗalibinsa, ya rubuta yadda ake dafa abincin ƙuda da kayan kasuwar gida dalla-dalla, sannan ya ajiye aiki a watan Agusta ya koma Kiru. Masu zuwa dubiya sun shaida cewa ba a ji shi yana ƙorafi ba, maganarsa ita ce lissafa mutanen da suka taimake shi, tun daga malamin da ya koya masa riƙe fensir a Tudun Wada. Kwana biyu kafin cikawarsa ya tara 'ya'yansa a gaban mahaifiyarsu, ya ce su sani takardar da aka buga da sunansa a ƙasar waje rabinta nata ne, kuma ya roƙe ta gafarar shekaru shida da ya bar ta ita kaɗai. Ta ce ta yafe tun kafin ya tafi.

Rasuwa da Jana'iza

Allah Ya karɓi ran Malam Inuwa Hamman Burumburum ranar Alhamis, 18 ga Nuwamba, 1999, cikin watan Sha'aban na 1420, jim kaɗan bayan sallar Azahar, a gidansa da ke Kiru, yana da shekara arba'in da takwas. Bisa wasiyyarsa aka ɗauke shi zuwa Burumburum, aka sallace shi bayan La'asar, aka binne shi kusa da mahaifinsa. Jana'izar ta haɗa ma'aikatan cibiya da ɗalibansa da makiyayan rugage da manoman Kiru, da iyalan masu karɓar magani waɗanda suka zo daga Doguwa da Bebeji a bayan a-kori-kura. Alhaji Mudi, duk da tsufansa, yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓe shi.

Ya rasu ya bar mahaifiyarsa Inna, da matarsa Luba, da 'ya'ya biyar, bayan ɗaya mai suna Hamman da ya riga shi tun yana jariri a 1986. Waɗanda ya bari su ne: Turai, matar Malam Ɗantani, wadda a lokacin take shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya, Labaran, wanda ya koma Burumburum ya riƙe shanun gidan, Hajara, ɗalibar sakandare, Bala, da autansu Ubale, wanda aka haifa bayan dawowarsa daga Birtaniya. Ya kuma bar jika ɗaya, ɗan Turai, wanda ya riƙe a hannunsa ranar suna ya yi masa huɗuba da kansa.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka makwancinsa, Ya saka wa duk wanda ya tallafe shi da mafificin alheri, Ya kuma ba marasa lafiyar da ya bari sauƙi da masu kula da su. Amin.